Biyan binyet idan bizit ta kusa mutuwa: jagora ga masu mota a Garwa, Marwa da Ngaundere

Bayan kat giriz, wato takardar rajistar mota, da lasin direba, takardu uku ne ke riƙe da mota a kan titin Kamaru. Akwai bizit, shaidar cewa an duba lafiyar motar. Akwai asirans, wato inshora. Sai binyet, harajin da gwamnati ke karɓa duk shekara a kan mota. Har yau masu mota da yawa suna lissafa su abu uku ne daban-daban, kowanne da ranarsa da ofishinsa. A da haka ne. Amma tun 1 ga Janairun 2017 aka daina sayar da 'yar takardar binyet ɗin nan da ake liƙawa a gilashi. Yanzu kamfanin inshora ne ke karɓar harajin a madadin gwamnati a lokacin da kake biyan asirans.

Abin da wannan ya jawo shi ne, ba ka da hanyar biyan binyet sai ta ƙofar mai inshora. Shi kuma mai inshora yakan nemi ganin bizit mai rai kafin ya rubuta maka takarda. Ita bizit ba ta samuwa sai mota ta je cibiyar dubawa da ƙafarta, motar kuwa ba ta da izinin hawa titi idan asirans ɗinta ya mutu. Kowacce tana riƙe da wuyan 'yar'uwarta. Don haka idan lokacin sabunta haraji ya zo, bizit kuma saura kwanaki, jerin da ba ya sa mutum kaiwa da komowa guda ɗaya ne: gareji da farko, sannan bizit, sannan asirans da binyet a zama ɗaya. A fara sati uku kafin ranar da ta fi kusa.

Mataki na farko: fito da takardun ka karanta ranaku

Kada ka dogara da abin da kake tunawa, ko abin da direbanka ya gaya maka. Shimfiɗa takardun a gabanka ka rubuta ranar mutuwar bizit, ranar mutuwar asirans, da ranar ƙarewar kat giriz, don ita ma tana da wa'adi, shekara 10 ne. Wadda ta fi kusa ita ce za ka yi lissafi da ita.

Tsawon ran bizit ya danganta da aikin motar. Motar gida tana samun wata 12. Motocin ɗaukar fasinja, tasi da bas, duk wata 3 suke komawa. Manyan motocin kaya wata 6. Ranar da ke rubuce a takardarka da kuma a jikin tambarin da ke gilashi ita ce hukunci, ba lissafin kai ba.

Misali: bizit za ta mutu 20 ga Maris, asirans 5 ga Afrilu. Motar ta shiga gareji 1 ga Maris, ta je cibiya wajen 6 ko 7 ga wata. Idan ta faɗi, akwai sati biyu na gyara da komawa alhali tsohuwar takardar tana aiki. Wa'adin sabuwar bizit yana farawa ne daga ranar da aka duba motar, saboda haka wanda ya je da wuri yana asarar 'yan kwanaki. Wasu na jin zafin wannan har su jira ranar ƙarshe. Kwana goma sha uku na bizit ba su kai darajar kwana ɗaya da mota za ta yi a furiyer, inda hukuma ke tsare motocin da aka kama, ba.

A wannan zaman kuma ka nemo wurin da aka rubuta ƙarfin injin a kat giriz, lambar da ke biye da haruffan CV. Ba ƙarfin da kamfanin ƙera motar ya faɗa ba ne, lissafin hukuma ne, kuma a kansa ake yanke haraji.

Nawa za ka tanada

Dokar kasafin kuɗi ta 2023 ta raba motoci gida biyu. Ga motar gida da sauran motocin da ba na haya ba:

CV 2 zuwa 7: sefa 30,000
CV 8 zuwa 13: sefa 50,000
CV 14 zuwa 20: sefa 75,000
Sama da CV 20: sefa 200,000

Motocin hayar fasinja da na kaya an bar su a ƙasa da haka: 15,000, 25,000, 50,000, sai 150,000 ga masu sama da CV 20. Dokar kasafi duk shekara ake yin sabuwa, saboda haka kafin ka ɗaure kuɗi ka kira mai inshorarka ya karanto maka adadin bana na rukunin motarka.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ke ba mutane mamaki a teburin biya. Harajin na shekara ne, daga Janairu zuwa Disamba, kuma ana karɓarsa gaba ɗaya a biyan asirans na farko da ka yi a cikin shekarar, ko na wata 12 ka saya ko na wata 2. Ba a rage shi don wa'adin asirans gajere ne. Mai mota CV 9 da ya zo da niyyar sayen asirans na wata uku don ya rage nauyi, zai tarar an ɗora masa jaka 50 cif a kai. Sabuntawar da zai yi daga baya a cikin wannan shekarar ba ta da binyet kuma.

Wanda ya tayar da motar da ta daɗe a ajiye a watan Nuwamba, ya sayi asirans na wata biyu, zai biya binyet ɗin shekarar cikakke, sannan Janairu na yi ya sake biyan na sabuwar shekara. Ba cuta aka yi masa ba, shekara biyu ce ya biya wa, amma sun haɗu masa cikin wata biyu. Da na wata 12 ya saya, sai Nuwamban baɗi zai sake jin maganar. Ban da haka, asirans na gajeren wa'adi ya fi tsada idan aka tara shi shekara.

To kuɗin da za ka ware kashi huɗu ne: gyara, kuɗin bizit, kuɗin asirans, binyet. Na farkon ne kaɗai ba a san iyakarsa sai an ɗaga mota, shi ya sa shi ake fara taɓawa.

Mataki na biyu: gareji

Nan ne aikin yake. Cibiyar bizit ba ta gyara komai, aunawa kawai take yi, kuma abin da take aunawa sananne ne. Ka gaya wa makanike a fili cewa bizit za ka, ka tsaya a kansa yana dubawa.

Birki shi ne kan gaba wajen kayar da mota. A cibiya ana ɗora tayoyi biyu na gatari ɗaya a kan wasu ƙarafa masu juyawa, a taka birki, na'ura ta auna ƙarfin riƙon kowace taya. Abu biyu take nema: jimillar ƙarfin ya isa ga nauyin motar, kuma dama da hagu su yi kusa da juna. Mota tana iya tsayawa lafiya a cikin gari amma ta faɗi saboda taya ɗaya ta fi ɗaya riƙo nesa ba kusa ba. A gaba, abin da ke jawo haka yawanci fistan ɗin birki ne da ya cije saboda tsatsa da ƙura, ko sandunan da yake zamewa a kansu sun bushe babu giris. A baya, inda motoci da yawa ke da birki mai ganga, a cire gangar a duba: idan cikinta ya jiƙe da mai, ƙaramin silindan birkin ne ke yoyo, man ya ɓata takalmin birkin, kuma gogewa ba ta maganinsa, sai an canza. Plaket, wato takalmin da ke matse farantin birki, idan kaurinsa ya sauko milimita 3 a canza shi, kuma dama da hagu tare ake canzawa. Canza gefe ɗaya shi ne ainihin abin da ke haifar da bambancin da na'urar ke kamawa. Bayan an sa sabo, a yi tafiyar kwana biyu ko uku da shi kafin a je awo, don sabon plaket bai gama zama a kan faranti ba, riƙonsa bai cika ba.

Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Wanda ya yi baƙi ya tsufa. Haɗarinsa ba ya bayyana a cikin Garwa. Yana bayyana ne a gangaren dutsen Ngaundere, inda ake taka birki a kai a kai har ya yi zafi, ruwan da ke cikin man ya tafasa, feda ta nutse ƙasa babu riƙo. Wannan ba maganar cin bizit ba ce, maganar rai ce. A duba murfin tulun man a ga irin wanda aka rubuta, DOT 3 ko DOT 4, a zuba shi.

Birkin hannu ma ana aunawa, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Idan sai ya yi ƙara takwas ko fiye kafin ya riƙe, a ɗaure wayarsa. Idan an ɗaure bai riƙe ba, takalman baya sun cinye.

Daga nan sai ƙafafun mota. Wanda ke bin hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, ko hanyoyin ƙauye na laterit bayan damina, kusan tabbas zai tarar da wani abu ya saki. A ɗaga motar da jak. A riƙe taya dama da hagu a girgiza: idan tana wasa, rotil ɗin sitiyari ne, wato mahaɗin ƙarfe mai kan ƙwallo. A riƙe ta sama da ƙasa: idan tana wasa, ko rotil ɗin ƙasa ne ko boris. A juya ta da hannu a saurara, gurnani alamar boris ne da ya mutu. A leƙa robobin da ke rufe rotil da kardan (sandar da ke juya taya), wanda ya yage ya riga ya sha yashi ko da bai fara ƙara ba. A cibiya motar za ta hau wasu faranti masu motsi a bakin rami, ma'aikaci yana ƙasa da fitila yana kallo, babu abin da ke ɓuya. Amortisa kuwa, mai shanye girgizar mota, a duba jikinta: idan mai ya zubo ya kama ƙura, ta mutu. A danna kusurwar motar da ƙarfi a saki, mai lafiya sau ɗaya take tashi ta tsaya. Su ma bibbiyu ake canzawa.

Duk lokacin da aka taɓa rotil ko wani abu na sitiyari, a je a daidaita tsayuwar tayoyin gaba, abin da ake kira faralelizim. Na'urar farko da mota ke takawa a layin awo ita ce mai auna ko tayoyin suna jan gefe. Mutum ya kashe kuɗi ya sa sabon rotil, ya tsallake wannan ɗan aikin, sai a kayar da shi a kan abin da gyaran ne ya jawo.

Taya. Zurfin zanenta kada ya gaza milimita 1.6. A cikin ramukan zanen akwai 'yan tudu da masu ƙera ta suka sa, idan fuskar tayar ta yi daidai da su ta ƙare. Amma a ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, zane kaɗai ba ya isa shaida. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin sati na 23 na 2019. Tayoyin gwanjo da yawa zanensu na da kyau amma sun tsufa, robar ta bushe ta tsattsage a gefe. Irinsu ne ke fashewa da tsakar rana a kan kwalta. Kumburi a gefe kuwa ba shi da magani sai canji. Tayoyi biyu na gatari ɗaya su zama girma ɗaya. A auna iska da safe kafin a yi tafiya, bisa adadin da ke liƙe a jikin ƙofar direba, don iskar da ba ta daidaita ba tana ɓata sakamakon awon birki da na jan gefe. Kada a manta da safaya.

Hayaƙi yana gaya maka ciwon da launinsa. Baƙi, musamman a injin gazuwal, mai ne ya fi iska yawa: a fara da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa cikin 'yan makonni, in bai daina ba a kai injekta awo. Shuɗi na nufin injin na ƙona baƙin mai, zoben fistan ko robobin bawul sun gaji. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ruwa ne ke shiga, a duba gasket ɗin kan inji. Kafin bizit a yi juyen baƙin mai, a sa sabuwar matatar iska, a duba buji, wato fulogi, idan motar fetur ce, a toshe duk hudar da ke jikin salansa. Kuma a wannan satin a sha mai a gidan mai. Zuwa-zuwa, man da ake sayarwa a bakin hanya, wani lokaci a gauraye yake da kananzir ko ruwa, yana sa hayaƙi ya ƙaru.

Fitilu aikin minti goma ne da mutum biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje: doguwa da gajeriya, ƙananan fitilun gefe, sigina huɗu, fitilar haɗari, ta birki, ta ribas, da 'yar fitilar da ke haska lambar baya. Idan ka kunna sigina sai fitilar birki ta riƙa ƙiftawa tare da ita, wayar da ke haɗe da jikin mota ce ta yi tsatsa, a kankare a ɗaure. Gilashin fitilar da rana ta mayar rawaya a goge shi da abin gogewa, yana rage haske ƙwarai. Ƙwan da aka sa a karkace yana watsa haske sama ya shiga idon mai tahowa, na'urar awon fitila kuma tana kama shi.

Sauran sai a bi da sauri: oda, abin goge gilashi da ruwansa, madubai, bel na kowace kujera, ƙofofi su buɗe ta ciki da waje, batir a ɗaure. Tsagar gilashin gaba da ta ratsa gaban direba matsala ce. A but a sami alwatikan gargaɗi, abin kashe gobara da allurarsa ke kan kore, akwatin magani, jak da abin kwance taya.

Abu na ƙarshe a gareji ba na makanike ba ne, naka ne. Nemo lambar shasi a jikin motar, ka wanke wurin, ka karanta ta harafi bayan harafi kana kwatantawa da kat giriz. Ka duba lambar mota gaba da baya, ko NO ce ko EN ko AD, tana karantuwa kuma a ɗaure take. Idan an taɓa canza injin daga fetur zuwa gazuwal, ko an ƙara kujeru, kat giriz kuma ba ta nuna ba, wannan sai ofishin Ma'aikatar Sufuri na yankinka. Cibiyar bizit ba ta da ikon gyara shi, kuma yana cin kwanaki, shi ya sa ake son gano shi da wuri.

Mataki na uku: ranar bizit

Garwa, Marwa da Ngaundere duk suna da cibiyoyi masu izinin Ma'aikatar Sufuri. Wanda ke nesa da cibiya ya ware wa abin yini guda, kuma ya lissafa cewa idan mota ta faɗi tafiyar biyu ce. Ga irinsa, tsayawa a yi gyara sosai a gida ya fi komai araha.

Tafi da asalin kat giriz, tsohuwar bizit, takardar asirans mai rai, da katin shaidarka. Motar haya ta haɗa da takardunta na sufuri. A wanke motar har ƙarƙashinta, don laka tana rufe abin da ake son gani, kuma a sauke kaya. A je da safe. Injin ya kasance da zafinsa, tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin ta isa, saboda inji mai sanyi ya fi hayaƙi. Idan layi ya yi tsawo, a tayar da shi kafin a kira ka.

Ka biya a teburin karɓar kuɗi, ka karɓi rasit. Kuɗin bizit hukuma ce ta ƙayyade shi bisa rukunin mota, ba ciniki ake yi ba. A bakin ƙofa za ka iya haɗuwa da masu cewa ka kawo kat giriz da ɗan ƙari su fito maka da takarda ba sai mota ta shiga layi ba. Kada ka yarda. Tun gyaran tsarin da aka yi a 2020, tambarin bizit yana ɗauke da alamar tsaro da ake iya tantancewa, sakamakon awo kuma yana shiga kwamfuta. Takardar da ba ta da asali a can tana iya tona kanta a shingen jandarma, sai laifin ya tashi daga bizit da ta mutu ya koma amfani da takardar jabu, wanda ya fi nauyi nesa. Ko da ba a kama ba, iyalinka ne za su shiga motar da ba wanda ya auna birkinta.

Idan mota ta ci, kafin ka bar harabar karanta takardar: lambar mota, lambar shasi, rukuni, ranar ƙarewa. Kuskuren harafi ɗaya gyaransa minti biyar ne a wurin, amma bayan sati ya zama jeka-ka-dawo. A liƙa tambarin a gilashi nan take.

Idan ta faɗi, za a ba ka takardar sakamako mai jerin abin da aka samu, da wa'adin dawowa. Kai wa makanike takardar kanta, ba bayanin baki ba, don lambobin da ke ciki suna nuna wace taya ce ba ta riƙo da kuma nawa ne bambancin. Ka koma cibiyar da ta duba ka, cikin wa'adin. Wanda ya bari ya wuce, sabon awo zai biya daga farko.

Mataki na huɗu: asirans da binyet

Da sabuwar bizit a hannu, sai ofishin inshora. Je ofishin kamfanin ko na wakilinsa da aka sani, mai mazauni da allo. Takardun asirans na jabu suna yawo, kuma yanzu asararsu biyu ce: ba ka da kariya, harajinka ma bai isa baitulmali ba. Duk wanda ya ba ka farashin da bai kai kuɗin binyet ɗin rukuninka ba, ka san inda maganar ta dosa.

Kai kat giriz, bizit, lasin tuƙi, da tsohuwar takardar asirans. Idan ka riga ka biya binyet a wannan shekarar a wani kamfani kuma yanzu kana son canzawa, tafi da tsohon rasit da kwantaragin da ke nuna an cire harajin. In ba ka da shaida, sabon kamfanin zai sake karɓa.

Faɗi gaskiyar aikin motar. Wanda ke ɗaukar fasinja tsakanin Marwa da Mokolo amma ya rubuta motar gida don asirans ya yi sauƙi, ranar haɗari zai gane ya sayi rigima. Haka wanda ya rubuta motar gida a matsayin ta haya don binyet ya ragu, ba tare da takardun sufuri ba.

Ka nemi a nuna maka lissafin a rarrabe. A cikin takardar kwantaragi akwai layin kuɗin inshorar kanta, layin haraji da ƙananan kuɗaɗe, da layin binyet, wanda ake rubutawa da Faransanci droit de timbre automobile, ko DTA a taƙaice. Kwatanta adadin da CV ɗin da ke kat giriz. Idan an rubuta CV 7 alhali motarka 9 ce, ragin ba alheri ba ne, kuskure ne da zai dawo kanka, a gyara.

Biya gaba ɗaya ka karɓi rasit. Dokar inshora ta CIMA, hukumar inshora ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, wadda Kamaru da Cadi duk suke bi, a sashe na 13 ta ce kariya ba ta fara aiki sai an biya kuɗi. Alkawarin "kawo rabi, sauran ƙarshen wata" a kan takardar shekara ba shi da gindi. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya sayi gajeren wa'adi ya biya shi cikakke.

Ranar farawa ma a kula da ita. Idan tsohon asirans yana da sauran kwana goma, a rubuta sabon ya fara washegarin mutuwar tsohon. Ba ka yi asarar ko kwana ɗaya ba, kuma babu giɓi. Nan asirans ya bambanta da bizit, ana iya sayensa tun kafin lokaci ba tare da an rasa komai ba. Kafin ka tashi, duba suna, lambar mota, lambar shasi da ranaku a kan takardar, ka liƙa ɗan yankin da ake sawa a gilashi. Tunda babu tambarin binyet yanzu, takardar asirans ita ce abin da za ka nuna a hanya. Rasit da kwantaragi a ajiye a gida, a ɗauki hotonsu a waya.

Idan ranakun sun riga sun cakuɗe

Asirans zai mutu gobe, bizit saura sati, motar kuma tana buƙatar gyara: sabunta asirans yau tun bizit tana da rai, ka biya binyet, sannan ka bi gareji da cibiya cikin satin. A nan jerin yana juyawa. Sai dai kada samun takardar asirans ya sa ka saki jiki. Bizit da ta mutu laifi ce mai zaman kanta a hanya, kuma idan haɗari ya faru kamfani na iya kafa hujja da ita a kan biyan gyaran motarka, gwargwadon abin da kwantaragin ya ƙunsa.

Bizit ta mutu, asirans yana da rai: ajiye motar, kira makanike ya duba ta a inda take, sannan fitarta ta farko ta zama kai-tsaye zuwa cibiya.

Duka biyun sun mutu: kada motar ta motsa. Je wurin mai inshora da ƙafa ka gaya masa halin da ake ciki, a fara samun kariya kafin taya ta taɓa titi. Tuƙi babu asirans shi ne mafi muni a cikin duka, don idan aka buge mutum, diyyar daga aljihunka za ta fito.

Wanda ya sayi mota hannu ya sani cewa asirans ɗin tsohon mai ita ba ya bin motar har ƙarshen wa'adinsa. A dokar CIMA yana tsayawa da kansa a kwana na biyar bayan ciniki. Karɓi rasit ɗin da ke nuna an biya binyet ɗin bana daga hannun mai sayarwa, ka mayar da kat giriz sunanka, ka yi naka asirans.

Masu manyan motoci suna da ƙarin takardun sufuri, lasin sufuri da kat bulu, kowanne da ranarsa. A rubuta su duka a takarda ɗaya a liƙa a cikin motar.

Mai ƙetare gadar Ngeli daga Kusiri zuwa Njamena ya tabbatar an ba shi kat roz, katin inshorar ƙetare iyaka, tare da asirans, kuma ranakunta sun yi daidai da na takardar. Ita ce ke sa inshorarsa ta yi aiki a ƙasashe shida na CEMAC: Kamaru, Cadi, Afirka ta Tsakiya, Kongo, Gabon da Ikwatoriyal Gini. Nijeriya ba ta ciki. Mai shiga ta Banki ko Gamboru sai ya nemi inshorar da ke aiki a can tun a bakin iyaka.